Barbaɗen da ake yi wa gilashi: Sirrin zaren da ke ɗauke da cinikinmu daga Fezzan zuwa Maigatari

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sabha ta nufi arewa maso gabas, in ya wuce Tamanhint da Samnu, zai tarar da wani ɗan gari mai itatuwan dabino da ake kira Zighan. A yau ba kowa ne zai ɗauke shi da muhimmanci ba, amma a zamanin ayari zango ne na sosai, domin wanda ya fito daga Tarabulus ta Sokna, ya ƙetare bakin hamadar da ke tsakani, a nan yake fara jin ƙanshin ruwa da inuwa kafin ya isa Sabha da Murzuk. Ta wannan hanya Hugh Clapperton da abokan tafiyarsa suka biyo a 1822, shi ne kuma ya iso Kano a Janairun 1824, ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin kayan da raƙuman Fezzan suka riƙa saukewa a ƙasar Hausa har da gilashi: madubai da duwatsun ado masu launi iri-iri daga ƙasashen Turai. Heinrich Barth da ya zauna a Kano a 1851 ya lissafa irin waɗannan duwatsu cikin hajar da ke shigowa daga arewa.

To, raƙuma sun daina wannan jigila, amma gilashi bai fita daga cinikinmu ba. Sai dai a da mu ne muke ɗaukar sa, yanzu kuwa shi ne yake ɗaukar mu. Ɗan ci-rani da ke leburanci a Sabha ko yake aikin gona a yankin Zighan, idan ya aika saƙon murya zuwa ga iyalinsa a Damagaram ko Daura, ko dillalin shanu a Maigatari da ya riƙe igiya yana jiran alat ya shigo kafin ya saki sa, dukkansu maganarsu da kuɗinsu a cikin wani zaren gilashi mai kaurin gashin kai suke tafiya. Kuma wannan zare ba zai iya kai saƙon ko'ina mai nisa ba, ba don wani ɗan sinadari da ake barbaɗa wa gilashin ba.

Ranar da alat ya ƙi shigowa

Idan mai karatu bai manta ba, ranar Laraba 13 ga Maris, 2024, cikin azumi, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Nijeriya da Nijar, wadda aka rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Washegari Alhamis, wato ranar da kasuwar Maigatari ke ci, aka wayi gari intanet yana jan ƙafa a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS suka yi ta ba jama'a haƙuri. Mutane suka yi ta zargin kamfanonin waya, alhali matsalar tana can ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kodebuwa, inda manyan wayoyi huɗu suka samu lahani kusan lokaci guda: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan tekun. An karkata wasu saƙonni ta wasu wayoyin da suka tsira, amma gyaran kansa ya ɗauki makonni.

Wannan rana ta nuna wa da yawa daga cikinmu abin da ba mu lura da shi ba. Muna ganin dogon ƙarfen sabis a bayan gari, sai mu ɗauka magana a iska take tafiya har Makka. A'a. Tsakanin wayar hannunka da ƙarfen ne kawai take bin iska, wani lokaci ta yi tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe, amma doguwar tafiyar a cikin gilashi ake yin ta, a matsayin haske mai ƙyaftawa sau biliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Libiya tana da wayar teku da ta haɗa Tarabulus da tsibirin Sisili na Italiya, da wata mai suna Silphium da ta haɗa Darna da tsibirin Kirit na Girka tun 2013. Mafi yawan na Nijeriya a Legas suke sauka. Ke nan sau da yawa gaisuwar da aka aiko daga Sabha sai ta haura Turai ta zagayo ta teku kafin ta iso Katsina, tafiyar da ta ninka ta ayari sau da dama, amma kafin ka sauke wayar daga baki ta isa.

Launin kwalba

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Gilashi asalinsa yashi ne da aka narkar tare da kanwa ko danginta da kuma farar ƙasa. Masagan Bida, waɗanda suka shahara da ƙarau da duwatsun wuya, da yashi da kanwa suka riƙa dafa nasu baƙin gilashin kafin su koma narkar da kwalabe. A Ile-Ife kuma, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, binciken da Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 11 zuwa na 15 mutanen wurin suna haɗa gilashinsu da kansu, suna rina shi shuɗi da wani ƙarfe mai suna kobal.

Abin lura shi ne ƙanƙantar abin da ke sauya launin. Kwalbar lemo koriya, ɗan ƙarfe ne da kuromiyam a cikinta. Shuɗiyar kwalba kobal ne kaɗan. Gilashin tagar gida ma in ka dube shi ta gefe za ka ga kore-kore, wannan ƙarfen da ya maƙale a yashin ne. Kowane irin ƙarfe yana shanye wani ɓangare na haske ya bar saura ya wuce, abin da ya wuce ɗin shi ne launin da ido ke gani. Turawa suna da kalmarsu ta wannan ƙari da ake yi da gangan, mu dai bari mu kira shi barbaɗe, kodayake mun san a ƙasar Hausa in an ce an yi wa mutum barbaɗe ba labari ne mai daɗi ba. Wannan barbaɗen na alheri ne.

Masana sun gano cewa wasu ƙarafan ba shanye haske kawai suke yi ba. Sukan riƙe ƙarfin da suka sha na ɗan lokaci, sannan su amayar da shi a wani launi dabam. Idan kuma a daidai lokacin da suke riƙe da shi wani haske mai irin wannan launi ya gifta, sai su saki nasu ya bi shi, launi ɗaya, hanya ɗaya, taku ɗaya, tamkar dai tumaki in ta gaba ta tsallaka kwalbati. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. In aka sa madubi a kowane ƙarshe hasken ya yi ta kai-da-kawowa yana ƙaruwa, abin da ke fitowa shi ake kira leza.

Theodore Maiman ne ya fara kunna leza ranar 16 ga Mayu, 1960, a Kalifoniya ta Amurka, da sandar jan yakutu na haɗi, wanda shi ma ɗan kuromiyam ne ya ba shi ja. Shekara ɗaya bayan haka, a 1961, Elias Snitzer na kamfanin American Optical ya nuna cewa ba dole sai dutse mai daraja ba, gilashi ma zai yi in an barbaɗa masa wani ƙarfe mai suna niyodimiyam. Wannan ya buɗe ƙofa babba, domin dutse sai an yi renonsa a hankali kuma girmansa yana da iyaka, gilashi kuwa ana iya zuba shi kamar bulo, ana iya jan sa kamar zare.

Zare da zangonsa

A farkon shekarun 1960 gilashin da ya fi kowane kyau, in ka haska fitila a bakinsa, kafin mita 20 ko 30 hasken ya kusa ƙarewa. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Harlow ta Ingila, suka ce laifin ba na gilashi ba ne, na dattin ƙarafan da ke cikinsa ne, in aka tace shi zai kai haske kilomitoci. Wannan magana ce ta ba Kao kyautar Nobel a 2009. A 1970 mutum uku na kamfanin Corning, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka fitar da zaren farko da ya cika sharaɗin. Kafin 1980 Japanawa sun kai ga zaren da sai ya yi kimanin kilomita 15 kafin rabin hasken ya ɓace.

Kada wani Alhaji ya ji an ce yashi ya fara lissafin loda tirela a hamada. Ba da yashin tudu ake yin wannan zare kai tsaye ba. Ana mayar da sinadarin ruwa ne, a tace, a mayar da shi tururi, a ƙone shi ya sauka kamar kunkunniya fara, sannan a narkar, ta yadda dattin da ya rage ana ƙirga shi ne ɗaya cikin biliyan. Kaurin zaren kashi ɗaya cikin takwas na milimita ne, kuma hasken ba duk faɗin yake bi ba, wata 'yar zuciya ce a tsakiya da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin ba, wadda ita ma an ɗan sa mata jamaniyam don ta tsare hasken kada ya tsiyaye ta gefe.

Amma duk kyawun zare, lissafi ba ya ƙarya. In rabi yana ɓacewa a kowane kilomita 15, to bayan kilomita 100 kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. Wayar MainOne da aka ƙaddamar a 2010 tsawonta kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas. Dole ke nan a yi wa haske zango kamar yadda madugu ke tsara rijiyoyin da ayari zai sha ruwa.

Dabarar farko ita ce a sa na'ura a ƙasan teku ta karɓi hasken, ta mayar da shi lantarki, ta karanta, ta sake kunna wata fitilar. Haka wayar TAT-8 ta yi aiki, wadda ta fara haɗa Amurka da Turai da zaren gilashi a 1988, tana ɗaukar kira kimanin 40,000 lokaci guda. Matsalar irin wannan na'ura kamar ta tafinta ce mai jin harshe ɗaya: mutum ɗaya take saurara, da sauri iri ɗaya, in kana son ƙari sai ka tono ta daga teku ka sauya.

A 1987 ne ƙungiyar David Payne a Jami'ar Southampton ta Ingila, da kuma Emmanuel Desurvire da abokan aikinsa a Bell Labs ta Amurka, suka nuna wata hanya. Sai a yanko zare mita 10 zuwa 30 wanda aka barbaɗa wa zuciyarsa wani ƙarfe mai suna arbiyam, a nannaɗe shi, a jona shi a tsakiyar layin, a riƙa ɗura masa haske daga wata ƙaramar leza. Arbiyam ɗin ya sha ya ƙoshi yana jira. Da gajiyayyen saƙo ya shigo, sai ya fita ta ɗaya bakin da ƙarfi ninki 100 har zuwa 1,000, ba tare da an karanta shi ko an mayar da shi lantarki ba. Wayoyin TAT-12 da TAT-13 da aka kammala a 1996 da wannan suka ƙetare tekun Atlantika, kuma manyan wayoyin da ke sauka a Legas a yau duk zuriyar wannan dabara ce.

Me ya sa arbiyam, ba wani ba? Nan akwai abin mamaki cikin halittar Ubangiji. Kowane launi na haske yana da lambarsa da ake aunawa da nanomita. Idon ɗan Adam daga wajen 400 zuwa 700 yake gani. Zaren gilashi ya fi barin haske ya wuce a wajen lamba 1550, wanda ido ba ya gani sam. Shi kuma arbiyam, a ɗabi'arsa, tsakanin 1530 da 1565 yake amayar da nasa. Wato ƙwarya ce ta dace da gurbinta, ba wanda ya tsara hakan a ɗakin gwaji. Sunan ma daga wani ƙauye ne na Suwidin, Ytterby, inda aka haƙo dutsen da Carl Gustaf Mosander ya gano ƙarfen a cikinsa a 1843. Fiye da shekara 100 babban abin da aka sani da shi shi ne yana rina gilashi ruwan hoda.

Gishirin miya

Aikin da masana suka shafe shekaru suna yi, har gobe kuma ba su gama ba, shi ne daidaita wannan haske: yawansa, faɗinsa, da tsawon lokacin da gilashin zai riƙe shi. A nan abin ya fi kama da girki.

Na farko dai yawan barbaɗen. Ɗan kasuwa zai ce in kaɗan ya yi amfani, ninki goma zai fi. Ba haka ba ne. A zaren da aka saba amfani da shi, in da za a kwatanta da buhu mai kilo 100, arbiyam ɗin galibi bai kai giram 100 ba. In aka zarce, sai ƙwayoyinsa su dunƙule wuri guda, biyu da ke maƙwabtaka su riƙa miƙa wa juna ƙarfin da suka sha, ɗaya ya tashi a tutar babu, ɗayan ya zubar da rarar a matsayin zafi. Ka ƙara kuɗi, haske ya ragu. Gilashin yashi zalla ba ya son baƙin nan, shi ya sa suke takurewa gefe guda. Maganin da aka samo shi ne a haɗa da ɗan alminiyam, wato gorar-ruwan da ake tukwane da shi. Shi ne yake kewaye kowace ƙwaya ya raba su, kamar yadda mai tuya ke motsa gyaɗa cikin yashi kada ta ƙone wuri ɗaya.

Alminiyam ɗin yana da wani amfani na biyu da ya fi na farko kawo kuɗi. A cikin dutse irin yakutu, kowace ƙwaya tana zaune ne a gurbi iri ɗaya da na 'yar'uwarta, kamar shaguna a sabuwar kasuwar da gwamnati ta gina, don haka duk launi ɗaya tak suke fitarwa. Gilashi kuwa ba shi da wannan tsari, kamar 'yan tebur ne a ranar kasuwa, kowa da inda ya samu ya raɓa, kowace ƙwaya tana fitar da launin da ya ɗan saɓa da na maƙwabciyarta. Wannan rashin tsari shi ne ribar. Da yake hasken ya bazu a fili mai faɗi, ana iya jera launuka 80 ko fiye a cikin zare ɗaya, kowane da nasa kayan, na'ura ɗaya ta ƙarfafa su baki ɗaya. Alminiyam yana ƙara faɗaɗa filin ya kuma baje shi. Shi ya sa wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka a Legas a Afrilun 2022, da zare 24 kacal, wato tagwaye 12, take iya ɗaukar abin da a da sai wayoyi masu yawan gaske.

Bajewar nan ba ƙawa ba ce. Arbiyam yana da son kai, ya fi ƙarfafa launukan da ke kusa da 1530 a kan sauran. A zango ɗaya bambancin ba wani abu ba ne, amma duk wanda ya san riba kan riba ya san inda za a je. A ce wani launi yana samun ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kowane zango, kafin zango 50 ya fi ɗan'uwansa ƙarfi sau fiye da 100, ƙaramin ya nutse cikin hayaniya. A ƙasan teku kuwa ana sa zango ne a kowane kilomita 50 zuwa 100, ke nan daga Fotugal zuwa Legas ana maganar zango kusan 100. Don haka bayan an gyara haɗin gilashin, akan ƙara wani mataci da ke rage wa mai ƙarfi don kowa ya fita daidai.

Sai kuma maganar ruwa. Ƙwayar arbiyam tana iya riƙe ƙarfinta na kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wanda a duniyar haske zama ne mai tsawo ƙwarai, kuma shi ne ya sa saƙonni ba sa cakuɗewa. Amma in ɗan danshi ya maƙale a cikin gilashin lokacin dafa shi, sai ya riƙa sace ƙarfin kafin ya zama haske. Shi ya sa ake busar da gilashin da iskar kulorin kafin a rufe shi.

Wani lokaci kuma tukunyar ake sauyawa gaba ɗaya. Gilashin da aka yi da fosfet, dangin wanda ke cikin takin zamani, yana karɓar barbaɗe mai yawa ba tare da dunƙulewa ba, don haka da shi ake yin ƙananan leza. Akwai kuma gilashin fuloraid da aka gano a Jami'ar Rennes ta Faransa a tsakiyar shekarun 1970, wanda ke barin wasu ƙarafan su fitar da launukan da gilashin yashi ke kashewa, sai dai yana da rauni kuma ba ya shiri da danshi. Wata dabarar ita ce a haɗa ƙarfe biyu. Itarbiyam gwani ne wajen shan haske, arbiyam kuwa ba shi da wannan haɗama, sai a zuba su tare, na farko ya sha ya miƙa wa na biyu. Dillanci ke nan, har a cikin gilashi.

Daga bulon gilashi zuwa bayan caja

Ba sadarwa kaɗai ke cin wannan moriya ba. Leza mafi ƙarfin bugu a duniya tana Livermore a Kalifoniya, tana da hanyoyin haske 192, kuma zuciyarta bulo-bulo ne na gilashin fosfet mai niyodimiyam sama da 3,000, masu launin shunayya. Ranar 5 ga Disamba, 2022, aka harba ta kan wani ƙwanso da bai wuce ƙwayar masoro ba, ƙarfin da ya fito ya zarce wanda hasken ya kai, karo na farko a tarihin irin wannan gwaji. Amma gilashi ba ya saurin sakin zafi, don haka in ta yi harbi ɗaya sai a jira sa'o'i ta huce. Zare ba shi da wannan matsala, sirantarsa ta sa iska ke ratsa shi ko'ina. Shi ya sa injinan da ke yanka farantin ƙarfe da haske, da waɗanda ke zana rubutu a jikin cokula da makullai da bayan wasu wayoyi, yawancinsu yanzu zare ne mai itarbiyam.

Waɗannan ƙarafa, arbiyam da niyodimiyam da itarbiyam da 'yan'uwansu, kasuwarsu tana hannun Sin, wadda ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da duniya ke amfani da shi. A Afrilun 2025 ta sa takunkumin fitar da bakwai daga cikinsu, a Oktoba ta sanar da ƙarin biyar har da arbiyam da itarbiyam, sannan a Nuwamba ta dakatar da ƙarin na shekara ɗaya bayan tattaunawa da Amurka. Mu ma muna da ɗan rabo a ƙasa, domin yashin monazayit da ke cikin tarkacen kuza a Filato yana ɗauke da niyodimiyam da danginsa. Sai dai duk mai sha'awar wannan haja ya sani cewa yana tare da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, ba kayan da za a jibge a ɗakin kwana ko kusa da hatsi ba ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. A ƙarshen 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin aikin shimfiɗa zaren da zai ratsa Sahara, kuma a Nuwamban 2025 hukumomin Nijar suka karɓi nasu ɓangaren mai tsawon kilomita 1,031. Cikin layukan akwai na Arlit zuwa Assamaka har iyakar Aljeriya, da na Diffa zuwa N'Guigmi har iyakar Chadi, da na Yamai zuwa Dosso da Gaya har iyakar Benin, da kuma wanda ya fi kusa da mu, daga Damagaram zuwa Magarya har iyakar Nijeriya. A Nijeriya kuma gwamnati ta amince a 2024 da shirin ƙara kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake da su.

Shimfiɗawa dabam, tsarewa dabam. Mutanen Jibiya ba sa buƙatar a ba su labarin rayuwa babu sabis, sun ɗanɗana a 2021 lokacin da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Wancan da gangan aka yi. Amma katsewar yau da kullum daga hannunmu take fitowa. Hukumomin Nijeriya sun ce an yanke zaren fiye da sau 50,000 a 2024 kaɗai, kuma fiye da rabi daga aikin hanya ne, katafila ta kai haƙori ta tsinke. Saura kuwa har da masu tonowa da dare suna zaton jan ƙarfe ne. A nan muna kira ga 'yan gwangwan da masu sayen kayan bola: wayar da aka binne a gefen titi mai ɗauke da zaren gilashi babu jan ƙarfen kirki a cikinta, roba ce da gilashi, wani lokaci da ɗan siririn ƙarfe na kariya. Wanda ya yanke ta bai samu na shayi ba, amma ya tsayar da cinikin gari guda. Tun 2024 kuma doka ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, hukuncin taɓa su ya ƙaru.

In ka tarar da irin wannan waya a tsinke, kada ka kai bakinta ido don ka leƙa. Hasken ciki ido ba ya ganinsa, don haka ba za ka ƙyafta ba, alhali yana iya yin lahani, musamman kusa da inda aka ƙarfafa shi. Guntayen zaren kuma sukan shige fata kamar ƙaiƙayi, cire su aiki ne.

Haka nan 'yar fitilar nan mai koren haske kamar biro, da ake kawowa cikin kwalaye daga Sin, yara suna haska juna da ita a biki. A cikinta akwai wani ɗan dutse mai niyodimiyam da ke fitar da haske mai lamba 1064, wanda ba a gani, sannan wani dutsen ya mayar da shi kore mai lamba 532. Mai kyau tana da matacin da ke tare ragowar hasken da ba a gani. Masu araha da yawa ba a sa musu matacin ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna ƙarfin da yawa daga cikinsu ya zarce abin da aka rubuta a jiki. Koren ma kaɗai ya isa ya ƙona bayan ido cikin ɗan lokaci. Mai shago da ke sayar da ita ga yaro ɗan shekara bakwai ya san cewa jan digo na tsohon yayi dabam, wannan dabam, ko da kuwa kuɗinsu ɗaya a sari.